Ƙishirwar Josie King: Uwa Ta Yi Magana, Amma Ina Maganar Ta Je?

Daren nan uwar da wata nas ne ke yi wa yarinyar wanka. Da tsumman wanka ya zo kusa da fuskarta sai ta cafke shi da baki, ta shiga tsotsarsa ba ji ba gani. Watanta 18 a duniya, bakinta bai gama buɗewa ba balle ta ce ƙishirwa take ji, amma duk macen da ta taɓa goyo ta san abin da wannan tsotsa ke nufi. Uwar ta gane. Ta kuma faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk da haka ruwa ya ƙafe a jikin yarinyar har ta rasu, a asibitin da wata mujallar Amurka ta yi shekara 21 a jere, daga 1991 zuwa 2011, tana sa shi na ɗaya a ƙasar.

Sunan yarinyar Josie King, sunan uwar Sorrel King, asibitin kuma Johns Hopkins da ke birnin Baltimo. Abin ya faru ne a farkon shekarar 2001. Na ɗauko shi saboda kusan duk nasihar da ake yi wa iyaye game da asibiti a wuri ɗaya take tsayawa: ku buɗe baki, kada ku ji tsoron likita. Nasiha ce mai kyau, ni ma ina yin ta. To amma ga uwar da ta buɗe bakin, mai ilimi, mai hali, da harshenta ake magana a asibitin, likitocin sun san ta, ta san su. Idan har irin wannan za ta yi magana ta faɗi ƙasa banza, to akwai abin da nasiharmu ta tsallake.

Yadda ta kwanta

Josie ce ƙarama cikin 'ya'ya huɗu a lokacin. Wata rana a watan Janairu ta sulale daga idon manya, ta shiga bahon wanka mai ruwan zafi. Ƙunar ta ci kusan kashi 60 cikin 100 na jikinta. Aka garzaya da ita asibiti, aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman na yara, inda ta yi kwana 10.

Gaskiya a faɗe ta: a wannan sashe an yi aiki. Ƙuna irin wannan ga yarinya ƙarama ba wasa ba ce, kuma sun ceto ta daga gare ta. Sorrel da kanta ta ce tana gefen gadon dare da rana, tana tambayar duk abin da aka yi, kuma ƙwarewar mutanen tana burge ta. Fata ta fara warkewa. Aka sauko da Josie zuwa ɗakin da bai kai wancan tsananin sa ido ba, aka fara maganar sallama. A gida yayyenta uku har sun fara shirin tarbarta.

A nan ne abubuwa suka fara karkacewa, a hankali, yadda ba mai cewa ga ranar da aka kauce. Zazzaɓi ya zo, da amai, da gudawa. Akwai wani siririn bututu da ake zurawa cikin babbar jijiyar jini, ta nan ake ba mara lafiya ruwa da magani kai tsaye. Bututu ne mai amfani ƙwarai, amma in ya daɗe yakan zama ƙofar da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini. Aka ga alamar hakan a jikin Josie, aka cire shi.

A tsaya a yi lissafi irin na uwa, ba sai na likita ba. Ruwa na fita daga jikin yarinyar ta ƙofa huɗu: gudawa, amai, zafin zazzaɓi, da fatar da ta ƙone wadda ba ta riƙe laima kamar lafiyayya. Ƙofar shiga fa? An cire bututu. Da uwar ta ga duk sanda yarinyar ta hangi abin sha sai ta ƙwalla ihu tana miƙa hannu, ta yi magana, aka ce kada ta ba ta. Randa ce ake ta kwarfa ba a zubawa.

Daren wanka

Bayan wankan nan, tana kwantar da ita sai ta ga idanun yarinyar suna juyewa sama. Ta ce wa nas ta kira likita. Nas ta ce yara sukan yi haka, kuma awon jikinta lafiya lau yake. Sorrel ta ce ita dai 'yarta ba ta taɓa yin haka ba, ko za a kira wata nas ɗin ta duba? Aka kira. Ta biyun ma ta ce ba komai. Aka ce mata ta je gida ta kwanta ta huta. Ta tafi, amma ba ta runtsa da kwanciyar hankali ba: sau biyu ta buga waya cikin daren tana tambaya.

Ba na son a karanta wannan a ce nas-nas ɗin mugaye ne. Abin da suka faɗa, wato awo lafiya yake, yana iya zama gaskiya a kan takarda, kuma nan ne tarkon yake. Jikin ƙaramin yaro yana da wata dabara: in ruwa ya ragu, zuciya takan ƙara gudu, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, don a tara ɗan jinin da ya rage a kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Da haka awon hawan jininsa yakan tsaya daidai har sai abin ya kusa ƙarewa, sannan ya rufta gaba ɗaya. Likitocin yara sun san cewa faɗuwar awon jini a jikin yaro alama ce ta ƙurarren lokaci. Wanda ya zauna jiran lamba ta canja, ya makara.

Alamomin farko kuwa ba na'ura ke ganinsu ba, ido ne. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kula da cututtukan yara, wadda ake koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ita a ƙasashe da dama, ta jera su: yaro ya riƙa shan ruwa da zalama, idanu su zurma, in an ja fatar ciki an saki ta ƙi komawa da wuri, yaro ya riƙa fitina ba dalili, in abin ya tsananta kuma ya yi laushi ya kasa ma shan. Iyayenmu mata suna ƙara duba maɗigar jariri, in ta faɗa sun san da matsala. Yarinyar da ke tsotsar tsumman wanka ta riga ta amsa tambayar farko.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Sorrel ta dawo. Kallo ɗaya ta yi wa 'yarta, wannan karon ba ta roƙa ba, cewa ta yi a kira likita yanzu-yanzu. Suka zo. Suka yi wa Josie allurar Narcan sau biyu, maganin da ke karya ƙarfin magungunan kashe raɗaɗi dangin mofin. Dama tun kwanciyarta ana ba ta irin waɗannan saboda azabar ƙuna da wankin ciwo, kuma an koma ba ta metadon, wanda shi ma danginsu ne, don a yaye ta daga gare su a hankali. Uwar ta sake tambaya ko za ta ba ta abin sha. Aka yarda. Yarinya 'yar wata 18 ta shanye kusan lita guda ta ruwan 'ya'yan itace. Likita ya ce, da baki, kada a sake ba ta maganin raɗaɗi mai sa maye.

Josie ta fara dawowa hayyacinta. Tana kallon mutane, abin da ta sha ya zauna. Uwar dai hankalinta bai kwanta ba. Ta gaya wa wani likita cewa yanayin nas ɗin da ke aikin safe bai yi mata ba, ta kuma roƙi likitocin kada su yi nisa.

Ƙarfe ɗaya na rana nas ta shigo da sirinji ɗauke da metadon. Sorrel ta ce an hana. Nas ta ce an canja umarnin. Kuma gaskiya ta faɗa, an canja: masu kula da magungunan raɗaɗi, wata ƙungiya daban da likitocin da suka zo da asuba, sun ji tsoron kada yanke maganin farat ɗaya ya jefa yarinyar cikin wahalar da jiki ke shiga in an raba shi da abin da ya saba. Tsoro ne mai dalili. Sai dai yarinyar da suke rubuta wa magani ba ita ce ta makon jiya ba. Aka ba ta.

Uwar na murza mata ƙafa zuciyar ta tsaya.

Aka mayar da ita sashen kulawa ta musamman, aka jona mata injina, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi. Aka kawo yayyenta suka yi mata sallama. Ranar 22 ga Fabrairu, 2001, cikin dare ana zubar ƙanƙara, aka cire injinan, ta cika a hannun iyayenta. Saura kwana biyu a sallame ta ne abin ya faru.

Inda maganar ta riƙa tsayawa

Masu ba da labarin sun ɗan bambanta a kan abin da ya fi nauyi cikin ukun: ƙafewar ruwa, ko cutar da ta shiga jini, ko metadon ɗin ƙarshe. Ukun dai sun haɗu a jiki ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne cewa da an tsaya an saurara, da an kauce.

Na ƙirga wuraren da Sorrel ta yi magana a cikin ƙasa da kwana biyu, sun kusa goma. Ta yi maganar ƙishirwa. Ta nemi likita da dare. Ta nemi nas ta biyu. Ta buga waya sau biyu. Ta tilasta a kira likita da asuba. Ta nemi izinin ba da ruwa. Ta kai ƙorafin nas. Ta roƙi a tsaya kusa. Ta ce an hana wannan maganin. A cikin waɗannan duka, sau biyu kawai maganarta ta yi aiki, kuma duka biyun da asubar nan ne, lokacin da likita ya zo ɗakin ya kalli yarinyar da idonsa. Duk sauran, maganar a hannun mutum ɗaya ta mutu, kuma mutumin nan shi ne wanda ya riga ya yanke cewa ba komai.

Wannan shi ne zuciyar lamarin a ganina. Hanyar uwa zuwa ga likita ta ƙofar nas take bi. In nas ta gamsu, ƙofa ta buɗe. In ba ta gamsu ba, shi ke nan, sai dai uwa ta yi haƙuri ko ta yi rashin kunya. Nas ta biyun da aka kira ma daga ɗaki ɗaya take, takarda ɗaya ta duba, kuma abokiyar aikinta na tsaye ta riga ta faɗi nata. Da wuya a ce an sami ido na biyu. Ido ɗaya ne ya duba sau biyu.

Sai kuma rarrabuwar aiki. Likitocin tiyata suna duba fata. Masu maganin raɗaɗi suna duba awon magani. Nas tana duba lambobin awanninta, in lokacinta ya cika ta miƙa wa wata ta tafi. Kowa ya riƙe ɓangarensa, kuma kowa a ɓangarensa yana da hujja. Umarnin da aka bayar da baki da asuba bai ɗaure hannun ƙungiyar da ta zo daga baya ba. Mutum ɗaya tak ne ya ga yarinyar gaba ɗayanta, jiya da shekaranjiya da makon jiya, ya san yadda take kuka da yadda take kallo in tana lafiya. Kuma shi ne kaɗai ba shi da gurbin rubutu a fayil. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Kalmar nan da ta faɗa, cewa 'yarta ba ta taɓa yin haka ba, ba ƙorafin uwa mai fargaba ba ce kawai. A 2010 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari na Ann Van den Bruel da abokan aikinta, wanda ya tattara bincike da dama a kan alamomin da ke nuna yaro na ɗauke da cuta mai hatsari. Cikin manyan alamomin da suka fito akwai damuwar iyaye cewa wannan ciwon daban yake da waɗanda aka saba. A 2025 kuma masu bincike a Jami'ar Monash, a birnin Melbon na Ostareliya, suka ba da sakamakon wata tambaya guda da aka sa ma'aikata su riƙa yi wa iyaye duk sanda suka zo awo: kina jin tsoron jikin yaron nan yana ƙara tsanani? Yaran da iyayensu suka ce e sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen ƙarewa a sashen kulawa ta musamman. Ma'ana, fargabar uwa awo ce, kamar zafin jiki da bugun zuciya.

Abin da ya biyo baya

Asibitin bai ɓoye ba, kuma wannan ya cancanci a ambata don ba kowanne ke yi ba. Dokta George Dover, shugaban sashen yara, ya je har gida ya ce wa iyayen wannan mutuwa bai kamata ta faru ba, kuma alhakin na asibitin ne. Aka sasanta, aka biya diyya. Iyayen suka ɗauki kuɗin suka kafa gidauniya da sunan Josie, wani kaso kuma suka mayar cikin asibitin da ya yi musu wannan rashi, don a buɗe shirin kare marasa lafiya daga kuskure. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba kowace zuciya ke iya komawa ƙofar da ta fito da gawa ɗauke da kyauta ba.

Lokacin ma ya zo daidai. A 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza ƙasar, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocinta saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Amma lamba ba ta sa mutum hawaye. Da Sorrel ta fara tsayawa gaban likitoci da shugabannin asibitoci tana ba da labarin tsumman wanka, sai lambar ta sami fuska.

A Hopkins ta haɗu da Dokta Peter Pronovost, likitan sashen kulawa ta musamman. Shi ne ya shahara da takardar matakai biyar na sa irin bututun nan: a wanke hannu, a goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rufe mara lafiya da mai aikin da kaya masu tsabta, a guji sawa a matsematsi, a cire bututun da zarar ba a bukatarsa. Kowane likita ya san waɗannan tun yana makaranta. Sabon abin shi ne an ba nas izini a hukumance ta tsayar da likita in ya tsallake ɗaya, kuma shugabanni suka ce suna bayanta. Da aka gwada a sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar da bututun ke jawowa ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Na ƙasa aka ba damar ce wa na sama dakata.

Sorrel ta kai tambayar mataki na gaba. A lokacin asibitoci sun fara kafa ƙungiyoyin kai ɗauki, waɗanda nas ke kira in ta ga mara lafiya na zamewa. Ta ce, me zai hana iyali su ma su iya kiransu? Wani asibiti a Pitsbag, UPMC Shadyside, ya karɓi shawarar a 2005. Tsarin mai sauƙi ne: tun ranar kwanciya ake gaya wa iyali wata lamba. In sun ga canjin da ya tsorata su kuma ba a saurare su ba, su ɗauki wayar da ke gefen gado su buga, wasu mutane daban, waɗanda ba na ɗakin ba, za su zo cikin 'yan mintuna su duba.

Likitoci da yawa sun ji tsoron za a riƙa kiransu don abinci ya huce ko matashi ya yi tauri. Ba haka ta kasance ba. Asibitin yara na Sinsinati ya duba shekara shida na irin wannan tsari, ya ga kiran da iyaye suka yi bai kai kashi 3 cikin 100 na dukkan kiran ba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yaran sai da aka wuce da su sashen kulawa ta musamman. Matsalar ma ta juye: iyaye ba sa kira yadda ya kamata, don nauyin ma'aikata suke ji.

Darasin dai bai yaɗu da kansa ba. Kowace ƙasa sai da ta binne nata yaron. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, Ryan Saunders ne, bai cika shekara uku ba, ya rasu a 2007 da cutar ƙwayoyin cuta da ba a gano ba, iyayensa na cewa jikinsa na tsananta. Daga 2013 aka fara aiki da ƙa'ida mai sunansa: ka gaya wa nas ko likita, in ba ka gamsu ba ka nemi shugabar nas-nas ta lokacin, in har yanzu ba ka gamsu ba ka buga lambar jiha ka nemi a sake duba yaron. A Ingila kuma Martha Mills ce, 'yar shekara 13, wadda ta faɗo daga keke a 2021, ta kwanta a asibitin King's College na Landan, cuta ta shiga jininta, iyayenta na faɗa ana kwantar musu da hankali. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da an kai ta sashen kulawa ta musamman da wuri, da alama za ta rayu. Shekara 20 cif bayan Josie. A 2024 aka fara ƙa'idar Martha, mai ba iyali lambar da za su buga wasu ma'aikata daban su zo su sake duba mara lafiya, a asibitoci 143.

In an dawo gida

Wani zai ce wannan labarin masu wayar gefen gado ne. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibitin gwamnati a ƙasar Hausa ya san cewa a wajenmu mai zaman jinya ta fi ta Amurka nauyi. Ita ke ba da abinci, ita ke goge jiki, ita ke lura ruwan da aka rataya ya ƙare ta je ta kira, ita ke aika a sayo magani. Nas ɗaya na iya riƙe ɗaki cike da gadaje cikin dare, wani gadon ma yara biyu ne a kai. Ba za ta iya ganin kowa ba ko da ta so. Idon uwa shi ne na'urar sa ido da muke da ita a kowane gado, kyauta, ba ta bukatar wutar lantarki.

Sai dai akwai wani abu a tarbiyyarmu da ke toshe wannan ido, kuma abu ne mai kyau a asalinsa. Likita ya tsaya bakin gado ya ce, “Mama, ya mai jiki?” Amsa ɗaya ce a bakin Bahaushe: “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Ko yaro ya kwana yana shiɗewa, da sauƙi. Gaisuwa ce, addu'a ce, kyautata zato ga Allah ne. Amma likitan da ke da gado talatin a gabansa yana iya ɗaukar ta a matsayin rahoto, ya rubuta ana samun ci gaba, ya wuce. In uwar yarinya ce kuma ɗan fari ne, ga alkunya ta ƙaru: surukarta na zaune, ba za ta so a ga ta cika zaƙewa a kan ɗanta ba, sai ta bar wa kaka magana, alhali ita ce ta kwana ido biyu. Ga kuma tsoron kada a yi mata tsawa gaban mutane, ko a ce ta cika kawo ƙara a ƙi kula ɗanta.

Ba cewa nake a bar “da sauƙi” ba. A faɗe ta, sannan a ɗora: “Amma likita, tun asuba bai yi fitsari ba. Jiya yana kama nono, yau ya ƙi. Sau shida ya yi gudawa daga la'asar zuwa yanzu. Bai taɓa yin irin wannan numfashin ba.” Magana mai lokaci da adadi ta fi “jikin nan dai sai a hankali” shiga kunnen ma'aikaci. In an zo da allura, a tambayi sunanta da aikinta. In wani likita ya hana wani magani, a roƙe shi ya rubuta a fayil a gaban ido, kuma a riƙe sunansa, don Josie umarnin baki aka ba da a kanta. In an ce ba komai kuma zuciya ba ta yarda ba, kada a tsaya a kan wanda ya faɗa: a nemi shugabar nas-nas ta ɗakin, a nemi likitan da ke bakin aiki, a ce ana so babban likita ya sani. Uban yaro ko kawunsa da ke zaune a baranda, nan ne amfaninsa. Wannan ba rashin tawakkali ba ne; an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. A Najeriya ma ba alfarma ake roƙo ba: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, kuma a 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya.

Amma kada in koma cikin nasihar da na fara da sukarta. Sorrel King ta yi duk waɗannan. Nauyin da ya rage na masu riƙe da asibiti ne, kuma ba kuɗi mai yawa yake ci ba: lamba ɗaya a rubuce a bangon ɗakin yara, da Hausa, wadda in an buga wani wanda ba na ɗakin ba zai taso, da tabbacin cewa uwar da ta buga ba za a harare ta gobe ba, ko da ya zamana ba komai.

Ƙa'idar Martha tana da wani sashe da ba a cika ambata ba, don lambar waya ta fi jan hankali. A asibitocin da suka ɗauke ta, kullum sai an tsaya bakin gado an tambayi mara lafiya, ko iyayensa in yaro ne, yadda yake ji yau, ya fi jiya ko ya fi jiya tsanani, kuma a rubuta amsar a yi aiki da ita. Ita ce dai “ya mai jiki?” ɗinmu, sai dai mai tambayar yana riƙe da biro, kuma ba ya matsawa gado na gaba sai ya ji abin da ke bayan “da sauƙi”.